Nema Wa Inji Aure: Yadda Ake Zaɓen Filtar Mai

Safiyar Asabar ce, ka saka tsohuwar riga, ka ce yau da hannunka za ka yi wa motarka juyen mai. Madalla. Ka sayi galan na mai mai kyau, ka aro sifana a wurin maƙwabci, yara sun jeru suna kallon Baba zai zama bakanike. Saura ɗan gwangwanin nan da ake kira filta, wanda mutane ke saya a tsaitsaye ko kallon kirki ba sa yi masa. Malam, dakata. Wannan amarya ce za ka kai wa injinka, za su zauna tare kilomita 5,000 ko fiye. Wa ke yi wa ɗansa aure babu bincike?

Fara da asali. Kowace filta tana da lamba, kuma lambar ita ce sunan gidansu. Duba littafin mota, ko ka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohuwar, in ka tabbata ita ma ta dace. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ tana karɓar 90915-YZZF2. Honda da yawa suna karɓar 15400-PLM-A02. Da lambar za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba da "irin ta Toyota" ba.

Za ka ji an ce maka, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, za ta hau." Hawa daban, dacewa daban. Haƙoran murɗin waccan Toyotar inci uku bisa huɗu ne, wajen milimita 19, na Honda kuwa milimita 20. Tazarar milimita ɗaya ce tal, shi ya sa ta Honda kan hau ta Toyota sako-sako, har ka ɗauka an daidaita. Sai ka kama hanyar Zariya, mai ya yi zafi, famfo ya matsa, amarya ta yi yaji. Inji babu mai ba ya jiran ka nemi wurin tsayawa.

Bayan asali sai hali, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Cikin gwangwanin akwai takarda da aka nannaɗe, aikinta aikin matacin koko: mai ya wuce, datti da ɓurɓushin ƙarfe su tsaya, har waɗanda ba su kai kaurin gashin kai ba. Leƙa ta ƙananan hudojin gindinta, a yawancinsu za ka hango roba. Ita ke hana mai tsiyayewa ya koma ƙasa idan mota ta kwana. In ba ta da kirki, da safe ka ba da wuta ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf, jar fitilar mai ta ƙi mutuwa da wuri. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe a bushe. Baƙar roba tana aiki, amma mai launin ja ko ruwan lemo, ta silikon, ta fi jure zafi, kuma kowa ya san ranar Afrilu a ƙasarmu.

Akwai kuma wata ƙofa ta ɓoye. Idan takarda ta toshe, ƙofar sai ta buɗe, mai ya zagaya ba tare da an tace shi ba, don mai da datti ya fi rashin mai. Ka ga ke nan filta amarya ce mai kawaici: ta gaji tuntuni amma ba za ta kai ƙara ba. Saboda haka duk wanda ya ce a wanke tsohuwa da fetur a mayar, ka gode masa, ka sayi sabuwa. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa hujja.

Kwalliya kuwa kada ta ruɗe ka. Ta jabu ma tana shan fenti, kwalinta har ƙyalli yake yi. Ɗauke ta ka ji nauyi. Girgiza ta; in wani abu na kwaramniya a ciki, ajiye. Karanta rubutun kwalin ko akwai harafin da ya ɓata, duba tsatsa da lotsewa. Denso, Mann, Mahle da Bosch gidajen mutunci ne, shi ya sa ake kwaikwayonsu, don haka sayi wurin mai shagon da gobe za ka same shi a inda ka bar shi. In farashi ya faɗi ƙasa warwas, tuna araha ba ta ado.

Wasu motocin, kamar Camry mai silinda huɗu ta 2010 zuwa 2017, ba gwangwani suke sawa ba. Takardar kaɗai ake canzawa cikin murfi, da sifanarsa ta musamman mai milimita 64. Sababbin zobban roba suna cikin kwali, saka su.

Ranar tarewa, kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, tokare ta da abin da ba zai zame ba. Ka cire tsohuwa, ka tabbata zoben robarta ya biyo ta. In ya maƙale ka ɗora sabo a kansa, mai zai yi ambaliya. Shafa ɗan sabon mai a zoben sabuwar da yatsa, murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba sai ka kira ɗan damben unguwa ba, kai ne za ka kwance ta wata rana.

Bayan ka zuba sabon mai, tada inji, leƙa ko akwai ɗigo, kashe, jira mintuna kaɗan ka duba ma'aunin mai. Tsohon man kada ka zuba a kwata, juye shi a galan ka kai gareji. Sannan ka rubuta lambar filtar da kilomitan yau a takarda, ka ajiye tare da takardun mota.