Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Kwanon Mish a Alƙahira

Duk ɗalibin Azhar da maƙwabcinsa mutumin yankin Sa'id na kudancin Masar ya taɓa aiko wa kwanon mish ya san warin, ba sai na tsaya bayani ba. Cukun ƙarish ne ake jerawa a tulun ƙasa, a zuba madara da gishiri da barkono da hulba da ɗan tsohon mish, a liƙe bakin da laka, a bar shi watanni, wani har shekara.

Na ɗaya: kada ka ci shi tsurarsa, gishirinsa zai sa ka kwana kana zarya tsakanin katifa da famfo. Dama shi da tahina ko mai, matsa lemun tsami, yanka tumatir a kai, ka lakata da burodin baladi mai ɗumi. In ka samu fatir mushaltat da zumar rake, ka gode wa Allah.

Na biyu: rufe murfin. Don Allah, rufe murfin! A nan raina ya ɓaci a makon nan. Mutum ya tashi da tsakar dare, ya tsoma jiƙaƙƙen cokalin da ya gama motsa shayi da shi, ya bar murfi a karkace a kan tebur, cikin zafin Alƙahira, ya koma ya yi ta minshari. Kwana kaɗan sai ga abinci yana motsi. Ka yi magana, a ce ai tsutsar nama ita ma nama ce, Misirawa ma cewa suke tsutsar mish daga jikinsa take. Wane jikinsa? Ƙuda ne ya samu ƙofa a buɗe ya yi ƙwai! Tsohuwar da ta tatsi baunarta, ta tsane cukun a tabarma, ta yi haƙurin watanni, ba ƙuda ta yi wa hidima ba.

Na uku, batun firiji: ninka leda biyu, in ba haka ba har ruwan sanyi sai ya ɗauki wari.

Sauran shawarwarin su jira, don har yanzu cokalin nan ne a raina. Ɗaki ɗaya, mu huɗu, kowa ya rantse ba shi ba ne, alhali ga ganyen shayi nan manne a gefen kwano. Kuma gobe maƙwabci zai tare ni a bene ya tambaya ko mun ji daɗin mish ɗin mahaifiyarsa.