Sannunku da Aiki, In Ji Mai Inji

Daga Yawuri zuwa Malale, a kan tafkin da madatsar Kainji ta haifar a 1968, mutum biyu ne ke raba ruwa ɗaya: mai filafili da mai inji. Mai filafili yakan sami inda yake zaton kifi, ya kafa gwangwala ko ya saki dutse ɗaure da igiya, ya zauna yana ɗaga ƙugiyoyin mamari ɗaya bayan ɗaya. Mai inji kuwa kullum a makare yake. Abin da ke haɗa su faɗa shi ne igiyar ruwan da jirgi ke ja a bayansa, wadda ba ta isowa sai mai ita ya wuce. Tun 1887 wani masani ɗan Birtaniya, Lord Kelvin, ya lissafa cewa a ruwa mai zurfi igiyar tana buɗewa ne da kusan digiri 19 da rabi ta kowane gefe. Wato in jirgi ya gifta ka da tazarar mita 30, sai ya yi gaba da kusan mita 85 kafin kwale-kwalenka ya fara rawa. Kwanon tuwonka zai kife a lokacin da mai laifin ya riga ya ba ka ƙeya, hankalinsa kwance, bai taɓa kowa ba. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, balle zagi. Shi ya sa kowane matuƙi ka tambaya zai rantse maka shi mai ladabi ne.

Wanda ya fi yawa a cikin masu inji shi ne mai sallama a guje. Wannan ya sami tarbiyya a gida, ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. Hannun dama a sama, fara'a har kunne, yana ƙwala murya don ta rinjayi ƙarar inji: "Baba, sannunku da aiki! Allah ya ba da sa'a!" Ɗaya hannun kuwa ya murɗe totur har ƙarshe. Baba zai amsa da "Yawwa ɗan samari, a sauka lafiya," domin gaisuwa ba a barin ta a ƙasa. Bai gama rufe baki ba zai saki mamarin ya rungumi bakin jirgi da hannu biyu. Sauran addu'ar da yake yi wa ɗan samarin bayan nan, mujalla ba ta buga irinta.

Amma ni wanda ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba masunta haushi, shi ne mai rage gudu rabi da rabi. Shi da gaske yake son yin kirki. Ya hango kwale-kwale tsaye, zuciyarsa ta ce masa a sassauta, sai ya sassauta daidai inda bai kamata ba. Jirgi mara nauyi in yana tsala gudu sosai yakan tashi ya hau saman ruwa, igiyarsa ta ragu. In yana tafiyar hawainiya ma ba ya tayar da komai. Tsakanin biyun nan ne goshinsa ke ɗagawa sama, gindinsa ya nutse, ya riƙa haƙa rami a cikin ruwa yana turo tudu ta kowane gefe. A nan bawan Allahn nan yake zaɓar ya tsaya, kuma tun da ya rage gudu yana ganin ya sami lasisin matsowa kusa. Zai wuce a hankali da goshin jirgi a sama har ba ya ganin gabansa, yana gyaɗa kai irin na wanda ya yi sadaka a ɓoye. Bayansa masunci na kwarfe ruwa da ƙoƙo, tarwaɗar da ya kama tun asuba ta sami hanya ta koma gida. In wani ya yi masa magana a bakin kwata, sai ya dafe ƙirji: "Ni? Wallahi sai da na rage!" Kuma gaskiya ya faɗa.

Ɗan sabon inji ba ya buƙatar dogon bayani. Maigidansa ya sayo Yamaha mai ƙarfin doki 75 a makon jiya, ko ledar kan murfin ba a ɓare ba. Ga ruwa fetal, faɗin tafkin ya kai kilomita 24 a wani wurin, amma shi sai ta gefen da mata ke wanki zai bi, ya karya kwana, ya dawo ya sake karyawa. Mutanen Yawuri suna bikin Rigata sau ɗaya a shekara, shi nasa kullum ne. Maganinsa guda: ranar da fankar injin za ta gaisa da ɗaya daga cikin kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye lokacin da ya ci tsohuwar Bussa, daga ranar zai koyi tafiyar dattawa.

Sai mai lodin ranar kasuwa, wanda shi ba a san ko a zage shi ko a yi masa addu'a ba. Buhunan albasa da shinkafa a ƙasa, babura a kansu, tumaki a tsakani, mutane a duk inda ɗuwawu ya samu. Tsakanin bakin jirgin da ruwa da ƙyar a sami taƙi guda. Jirgi mai nauyi haka babbar igiya yake ja ko yana so ko ba ya so, kuma in ya kashe wuta farat ɗaya, ruwan da yake janye da shi zai biyo shi ya shigo ta baya. Dabara ita ce ya fara ragewa tun daga nesa, amma hakan na buƙatar a duba gaba, shi kuwa idonsa na kan yaron da ke karɓar kuɗin jirgi. Ga kuma Alhajin da ke zaune a gaba da jaka a cinya, wanda bai iya iyo ba ko a kududdufi, yana ta cewa, "Direba ka ba ta wuta mana, kasuwa za ta watse!" Wannan Alhajin shi ne farkon mai salati da zarar wani jirgin ya yi musu abin da suka yi wa masunci.

Manyan baƙi daga birni su ma suna da nasu salo. Farin jirgi mai inji biyu, kowa sanye da rigar kariya sabuwa dal, ana ɗaukar hoto da waya. Galibi suna sauri ne don kada su makara wurin taron wayar da kan jama'a a kan kiyaye haɗurran ruwa. Mai tafiyar dare kuma, wanda ya san hukumar NIWA ta hana amma yake ganin dokar ta mutanen Lokoja ce, shi ba ya ma ganin kwale-kwalen balle ya gaishe shi. Fitilar wayarsa ce kawai, ita ma caji ya kusa ƙarewa.

Kada a ce na goyi bayan masu filafili ido rufe. A cikinsu akwai wanda ya gaji ruwan daga kakansa, saboda haka tsakiyar hanyar jirage nan ne ya ga dama ya kafa gwangwala, ya shimfiɗa raga daga wannan gaɓa zuwa waccan, alamarta kawai wata tsohuwar jarka da ta yi kalar ruwa. In fanka ta naɗe ragar, ranar har gaban Sarkin Ruwa, kuma a nan za ka ji ashe ragar da duk gari ya san ta sha ɗinki jiya jiya aka sayo ta. Akwai kuma wanda zagi ya zame masa wuridi: ko ka kashe inji ka wuce shi da filafili sai ya ɗaga maka yatsu biyar, don kada hannu ya manta.

Can ba a rasa ba, akwai tsohon direba, yawanci wanda ya yi su kafin ya kama inji. Tun yana hango kwale-kwale kamar ɗigo zai fara sakin totur, goshin jirgi ya sauka ya kwanta, ya duba inda igiyar mamari ta nufa ya bi ta ɗaya gefen, ba zai sake ba da wuta ba sai ya tabbata ya yi nisa. Ba ya ko ɗaga murya wurin gaisuwa, domin inji ya yi shiru ana jin juna. Fasinjoji ba sa son sa. Suna cewa tsufa ya kama shi, ko yana tsimin fetur ne, wasu har su rantse ba za su sake shiga jirginsa ba. Wata rana masunci zai miƙe ya ce, "Malam, ga na miya," ya wurgo ƙatuwar karfasa ta faɗo tsakiyar jirgi tana fal-fal. Kafin direba ya ce an gode, Alhajin nan na gaba mai jaka a cinya ya riga ya taka ta da ƙafa yana tambaya nawa za a bar masa.