Mu da Menu Mai Saukowa

Mu masu gina shafukan intanet akwai mu da musu. Ƙwallo ma ba ta raba kanmu kamar wannan tambaya: ina ya kamata a ajiye umarnin da ke buɗe menu?

Tsofaffin hannu su ne da labari. Sun ga zamanin da Netscape da Internet Explorer ke kokawa, kowace burauza da yarenta, wannan ta ce document.layers, waccan ta ce document.all. Menu ɗaya, rubutu biyu. Tun da Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a 1995 aka riƙa cusa shi cikin HTML, kowane mahaɗi da onmouseover ɗinsa rataye a wuya. Ranar da mai aiki ya ce, "Injiniya, a ƙara min Tuntuɓe Mu," sai ka bi shafukan nan kaf, ɗaya bayan ɗaya, har assalatu.

Wuya ce ta koya mana raba aiki uku. HTML ya riƙe jerin mahaɗai kawai, jeri cikin jeri. CSS ya ji da launi da ɓoye ƙaramin jerin. JavaScript kuwa yana can fayil ɗinsa, ya nemo maɓallin, ya ɗaura masa addEventListener, ya jira a danna. Magini daban, mai fenti daban, mai wayarin daban. In wuta ta lalace ba a rushe katanga. Tun 2003 dabarar Suckerfish ta nuna cewa jeri da CSS sun kusa isar menu mai saukowa, sai ɗan guntun JavaScript na lallashin Internet Explorer.

Amma Malam, abin da ya fi ja mana kunne wayar hannu ce. Wanda ya zo shafinka da waya ba shi da linzamin da zai ɗora a kan menu, yatsa gare shi. Wani da Opera Mini ya shigo don tattalin data, wani sabis ya tsinke masa kafin fayil ɗin JavaScript ya gama sauka. Makaho kuma manhaja ce ke karanta masa allo. In menu ɗinka duk a cikin umarni yake, waɗannan na iya tarar da ƙofa a rufe. Shi ya sa kafin mu miƙa aiki muke kashe JavaScript mu gani: ana iya zuwa kowane shafi? In ana iyawa, to madalla.

Sai ga yaran bana da React, wanda Facebook ya saki a 2013, suna rubuta alamomin shafi a tsakiyar JavaScript, wai ci-gaba ne. Tsofaffi suka riƙe baki: "Abin da muka yi shekaru muna rabawa?" Yaran suka ce su ma rabawa suke, sai dai kashi-kashi, menu da kayansa, akwatin bincike da nasa. Har gobe ba a sasanta ba. Abu ɗaya dai ba a musu a kai: duk yadda ka shirya fayilolinka, mai wayar nan ya danna ya wuce.