Masu Takubban Gadarif

A Gadarif ta Sudan da wuya a sami tsohon takobin da bai je yaƙi ba, in dai ta bakin mai shi za a ji. Garin riɗi da dawa ne, amma ya ga faɗa. A watan Satumban 1898 Kanar Parsons na Turawan Ingila ya taso daga Kasala ya ƙwace shi daga hannun mayaƙan Mahadi, jagoransu Ahmad Fadil ya juyo da rundunarsa bai iya karɓe shi ba. Can kan iyaka kuma ga Gallabat, inda aka kashe Sarkin Habasha Yohanis a 1889. Saboda haka kowa yana da fagen da zai jingina nasa.

Magajin kaka shi ne kan gaba. Takobinsa na rataye a ƙuryar ɗaki, kuben ya bushe ƙayau, kowane giɓi a bakinsa da tarihinsa. Bara a Gallabat aka yi giɓin, bana ya koma yaƙin Karari. In kuwa Bahaushe ne cikin jikokin waɗanda suka yiwo gabas tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi bayan yaƙin Burmi na 1903, to takobin har Burmin ya halarta. Ba na sayarwa ba ne, ya rantse, amma ransa na ɓaci in baƙo ya tashi bai taya ba.

Malamin tambari ba ruwansa da kakan kowa. Zare takobi yake yi, ya goge da gefen riga, ya kai shi hasken rana yana neman kerkeci mai gudu ko jinjirin wata mai fuskar mutum, alamun maƙeran Solingen ta Jamus. Yana da hujja, don ruwan takubba masu yawa daga can aka yi fataucinsu a ƙarni na 19, a nan aka sa musu ƙota da kube. Ko Kano, Bature matafiyi Barth da ya je ta a 1851 ya ƙiyasta ana shigo mata da kusan 50,000 a shekara. Abin da malam ba ya son ji shi ne maƙeran gida sun daɗe da iya buga waɗannan alamun, kuma a Kasala ana ƙera takobi mai kyau da sifirin mota. Kana faɗin haka sai ya tuna lokacin salla ya yi.

Dillali kuwa tsatsa ce jarinsa. Da za a tara takubban da ya ce na Ali Dinar ne, sarkin Darfur da aka kashe a 1916, sai an ɗauko hayar raƙuma.

Ango ne kaɗai ba ya tambayar asali. Aro yake yi ranar jirtik, wato al'adar bikin aure, ya ɗaga takobin sama mata na rangaɗa guɗa, mai shi na tsaye a baya zuciyarsa na dukan uku-uku kada gadon kakansa ya faɗi a kan siminti.