Jami'a a Kan Mangwaro

A shekarar 2020 korona ta rufe makarantu, aka ce kowa ya koma Zoom. Ƙanena, ɗan aji uku a jami'a, ya ɗauki abin da muhimmanci. Sama kaftani da hula, ƙasa gajeren wando. Ai kyamara ba ta sauka ƙasa da cibiya.

Ranar jarrabawa sabis ya yi yaji, sai a reshen mangwaro aka samo shi. Can ya ɗare, waya a hannu. Doka ta ce kada a ji muryar kowa a kusa. Akuyar maƙwabta ta yi kuka. Malam ya ba shi gargaɗin farko, wai ana faɗa masa amsa.

Inna ta ɗaga kai daga gindin bishiyar: "Auta, in an tashi daga jami'ar, ka tsinko mana biyar."