Allah Ya Ƙara wa Likita Lafiya

Mutanenmu ba su da godiya. Wai har da masu ƙorafin an kwantar da ɗan'uwansu ranar Juma'a, babban likita bai leƙo shi ba sai Talata. To ina laifi? Mutumin da ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara wasu shekarun neman ƙwarewa, so kuke a riƙa ganinsa kowace safiya kamar mai tallan ƙosai? Ai ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Ranar zagaye kuwa ku zo ku sha kallo. Tun da farar safiya an kori masu jinya waje, an naɗe tabarmi, an tura kofunan kunu ƙarƙashin gado. Sai ga shi tafe, ƙananan likitoci da ɗalibai na take masa baya. Ya ja ya tsaya ta wajen ƙafafun wani dattijo, ya buɗe fayil, ya yi ta zuba Turanci da yaransa a kan hantar bawan Allah, shi kuwa mai hantar yana bin bakinsu da ido. Bai tambaye shi yadda ya kwana ba, wannan ma tausayi ne: don me za a wahalar da marar lafiya da magana? Har suna ya sauƙaƙa masa, ya koma "gado na 7". Takardar magani kuma da irin rubutun da babu mai iya karantawa sai kanti guda a tsallaken titi. Asirin majinyaci a rufe ruf.

Ga ilimi kyauta. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, mako biyu za ta yi tana jinyar ɗan'uwanta a ɗakin majinyata ta iya rufe ledar ƙarin ruwa in ta ƙare, ta san farashin safar hannu da auduga, ta san inda ake neman jini da tsakar dare. Wace makarantar koyon jinya ce ke yaye ɗalibai da wannan sauri?

Masu cewa ba shi da fara'a, sharri ne. Su same shi da yamma a asibitinsa na kuɗi. Can har kujera yake nunawa, Hausarsa ta dawo tangaram: "Sannu Baba, ina ke ciwo?"

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da wanda aka kawo asibiti rai a hannun Allah. Ba a mayar da kowa, cewa kawai ake yi babu gado. A Agustan 2021 likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki na kusan wata 2, aka sallami majinyata da yawa cikin 'yan kwanaki, abin da allura da ƙwaya suka kasa yi a watanni.

Wanda ke ganin likitoci sun yi ƙaranci saboda masu tafiya Saudiyya da Ingila, ya kwantar da hankalinsa. Tun 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya ce muna da su har da rara. Shi ma likita ne, ya fi ku sani.