Allah Ya Ja Zamanin Mai Kiyaye Doka

Duk wanda ya ce Shugaba Faustin-Archange Touadéra ba ya mutunta tsarin mulkin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya yi masa ƙazafi. Bawan Allahn nan bai taɓa taka doka ba. In ta matse shi, wurin tela yake aika ta a buɗa mata hammata.

Mutanen Yakite da sauran unguwannin Kilomita Biyar da ke Bangui sun san abin da tsohon kundin tsarin mulki ya ci. Ranar 13 ga Disamba 2015 suka fito ƙuri'ar raba gardama ana ɓarin wuta kusa da rumfunan zaɓe, aka rasa rayuka, washegari suka sake bin layi. Abin da suka amince da shi ke nan: wa'adi biyu, shekara biyar-biyar, daga nan mutum ya tattara ya koma gida. To, wa ya aike su ɗaukar abin da zafi haka? Shugaba farfesan lissafi ne, ya riƙe Jami'ar Bangui, ya fi mai awon shinkafa a bakin gadar Yakite sanin cewa ƙirge bai tsaya a biyu ba.

Ga tausayi. A Satumban 2022 Kotun Tsarin Mulki ta rushe kwamitin da ya kafa don rubuta sabon kundi. Da wani azzalumi ne, da shugabar kotun, Danièle Darlan, ta kwana a kurkuku. Shi kuwa shekarunta ya duba, ya ga baiwar Allah ta gaji, a watan Oktoba aka yi mata ritaya ta je ta huta.

Ranar 30 ga Yuli 2023 aka sake ƙuri'a, aka sanar cewa kashi 95 cikin ɗari sun ce e. Wa'adi ya koma shekara bakwai, iyaka kuma aka ɗauke ta, kada ta riƙa damun mutane.

Sai an tuna tsohon shugaban ƙasar, Bokassa, ake gane tattalin da aka yi wa baitulmali. Shi sai da ya naɗa kansa shugaban rai-da-rai a 1972, ya zama sarkin sarakuna a 1976, ya sayo kambi, da karaga mai siffar gaggafa, da dawakai daga Faransa, duk don ya dawwama, kuma ko shekara biyu bai cika ba bayan bikin naɗin 1977 Faransawa suka tuɓe shi. Yau an samu biyan bukata ba a sayi ko linzami ba.

Mutanen Yakite ma ba a manta da su ba. Sabon kundi ya ce sai ɗan asalin ƙasa, wanda ba ya riƙe da takardar wata ƙasa, zai nemi kujerar. Ɗan tireda da aka haifa a Bangui, aka haifi ubansa a Bangui, amma in ya je neman katin shaida a ga sunansa Musa a ce ya kawo takardar haihuwar kakansa, an sauke masa nauyin mafarkin shiga fada. Sai ya ji da shagonsa.